Badaƙalar cin hanci a Kyiv za ta iya soke takardar zaman ɗan Yukiren a Turai?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambaya: "Na ga labarin badaƙalar dala miliyan 100 a kamfanin makamashin nukiliyar Yukiren, har ministoci suka rasa kujerunsu. Na kuma ji cewa maza da yawa kuɗi suka bayar suka tsere don kada a ɗauke su soja. To me ya sa Turai take ci gaba da ba 'yan ƙasar izinin zama? Ba za a iya soke takardunsu a mayar da su gida ba, ko da waɗanda suka fita ta hanyar toshiyar baki ne kawai?"

Malam, a taƙaice, a'a. Takardar zaman da ɗan Yukiren yake riƙe da ita a Jamus ko a Folan ba tukwicin kyawun halin gwamnatinsa ba ce. An ba shi ita ne saboda ana ruwan bama-bamai a ƙasarsa. Ko da gobe aka kama kowane minista a Kyiv da jakar kuɗi a hannu, dokar da ta ba shi takardar tana nan yadda take, domin sam ba ta ambaci halin shugabanni ba. Amma da gaskiyarka ta wani ɓangare: cin hanci da takardun tafiya sun cakuɗe sosai a wannan yaƙi, sai dai mafi yawan cakuɗewar a ƙofar fita daga Yukiren take faruwa, tun kafin mutum ya isa gaban jami'in shige da fice na Turai.

Bari mu fara da ita takardar. Bayan yaƙe-yaƙen tsohuwar Yugoslabiya, Tarayyar Turai ta yi wata doka a 2001 da ake kira dokar kariyar wucin gadi, don ranar da mutane za su kwararo da yawan da ba za a iya zaunar da kowa a yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ba. Dokar ta yi kusan shekara 21 a ajiye ba a taɓa ta ba, har a 2015 lokacin da 'yan Siriya suka yi ta shigowa. Sai ranar 4 ga Maris 2022, kwana takwas da fara mamayar Rasha, aka fito da ita. Bambancinta da neman mafaka babba ne. Mai neman mafaka sai ya nuna cewa shi a karan kansa ake farauta, a yi masa tambayoyi, ya yi watanni ko shekaru yana jiran hukunci. A nan kuwa abin da za ka nuna kawai shi ne kana cikin rukunin mutanen da aka ambata, wato kai ɗan Yukiren ne da ke zaune a ƙasar kafin 24 ga Fabrairu 2022, ko iyalinsa, ko wanda ƙasar ta ba mafaka tun da farko. Da ka nuna haka, ka sami izinin zama da na aiki, da makaranta ga yara, da asibiti, da ɗan tallafi. Zuwa 2025 mutum kimanin miliyan 4.3 ne ke kan wannan tsari, Jamus na da wajen miliyan 1.2, Folan kusan miliyan ɗaya, sai Jamhuriyar Cek da ke bi musu.

Ba kowa ne ya sami wannan sauƙi ba. Baƙon da ke da izinin zama na dindindin a Yukiren sai ya nuna ba zai iya komawa ƙasarsa lafiya ba. Ɗaliban ƙasashen waje kuwa, ciki har da dubban 'yan Afirka da ke karatun likita a Kharkiv da Sumy, an bar wa kowace ƙasa ta yi yadda ta ga dama da su. Holan ta karɓe su da farko, daga baya ta ce ta janye, magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci a Disamban 2024 cewa ƙasar da ta ba da irin wannan kariya don ganin damarta tana da ikon janyewa kafin wa'adin sauran ya cika. Wani abin dariya, kotun takan laƙaba wa shari'o'i sunayen ƙirƙira don ɓoye sunan masu ƙara, kuma sunan da ya faɗa kan wannan shari'a shi ne "Kaduna".

To wa za a iya hana wa takardar? Sashe na 28 na dokar ya lissafa su: wanda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ya aikata laifin yaƙi ko laifin cin zarafin bil'adama, wanda ya aikata babban laifi da ba na siyasa ba kafin ya shigo, da wanda ya zama barazana ga tsaron ƙasar da ta sauke shi. Sashen ya kuma ce dole hujjar ta tsaya kan abin da shi mutumin ya aikata da kansa. Ka ga ke nan matar da ta fito daga Kherson da 'ya'ya biyu ba ta da abin da ya haɗa ta da kwangilar da aka yi kashe-mu-raba a kanta a Kyiv. In ma an bi diddigi, ita aka cuta, tunda kuɗin kare tashoshin wutar ƙasarsu ne ake zargin an yi sama da faɗi da su.

Yanzu mu zo kan maza, inda maganar ta fi nauyi.

Tun ranar farko ta yaƙin, dokar soja ta hana maza 'yan shekara 18 zuwa 60 fita daga Yukiren. An ware wasu: mai 'ya'ya ƙanana uku ko fiye, uban da ke renon ɗa shi kaɗai, mai naƙasa, mai kula da naƙasasshe, wanda likitocin soja suka ce bai cancanci aikin soja ba, da direbobin kayan agaji da aka yi wa rajista a wani tsarin kwamfuta mai suna Shlyakh. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san abin da zai biyo baya. Ka rufe ƙofa ga miliyoyin mutane, ka bar 'yan tagogi biyar ko shida, ka damƙa makullin kowace taga a hannun jami'i mai ƙaramin albashi: ai ka buɗe kasuwa ke nan. Sa hannun likita ya zama haja, hatimin ofishin ɗaukar soja ya zama haja, har suna a jerin direbobin agaji ya zama abin ciniki.

A tsakiyar 2023 jaridar Ukrainska Pravda ta bankaɗo cewa iyalan shugaban ofishin ɗaukar soja na yankin Odesa, Yevhen Borysov, sun sayi katafaren gida a Marbella da ke Sifaniya ana tsakiyar yaƙi. Aka kama shi a watan Yuli. Ranar 11 ga Agusta, Shugaba Zelensky ya sallami shugabannin ofisoshin ɗaukar soja na dukkan yankunan ƙasar a lokaci guda, aka ce akwai bincike 112 da aka buɗe kan ma'aikatan waɗannan ofisoshi. Wadda ta fi girgiza mutane ita ce ta Oktoban 2024 a Khmelnytskyi. Masu bincike suka shiga gidan shugabar kwamitin likitocin da ke tantance naƙasa a yankin, Tetiana Krupa, suka ce sun sami kuɗi tsaba da suka kai kimanin dala miliyan 6. Bidiyon da suka fitar ya nuna ɗaurin daloli da yuro an baje su a kan gado, suka kuma ce ana cikin binciken aka yi yunƙurin jefa jakunkunan kuɗi ta taga. Da aka ci gaba da tono sai aka gano masu gabatar da ƙara da dama a wannan yanki suna riƙe da takardar naƙasa, wadda ke ba mutum fansho ta kuma kare shi daga kiran soja. Babban mai gabatar da ƙara na ƙasa, Andriy Kostin, ya ajiye aiki ranar 22 ga watan, gwamnati kuma ta rushe waɗannan kwamitocin likitoci baki ɗaya daga ƙarshen shekarar.

Wanda ba shi da kuɗin sayen takarda kuma fa? Shi ne ke bin daji da tsakar dare, ko ya faɗa kogin Tisa da ke kan iyaka da Romaniya, inda aka tsamo gawarwakin maza da dama. Wani binciken BBC a Nuwamban 2023 ya ƙiyasta cewa maza kusan 20,000 ne suka tsallaka ta ɓarauniyar hanya zuwa ƙarshen Agustan shekarar, an kuma kama fiye da haka suna ƙoƙarin tsallakawa. Wannan ne ainihin ɓarnar cin hanci a lokacin yaƙi, a ganina, fiye da yawan kuɗin da aka sace: shi ke zaɓen wanda zai je ramin daga da wanda zai je Warsaw.

Amma idan mutumin ya riga ya isa Berlin ko Prag, me doka ta ce? Kariyar wucin gadi, yadda aka fito da ita a 2022, ba ta bambanta mace da namiji ba, ba ta kuma tambayi ta wace ƙofa ka fito ba. Maza baligai sun kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu riƙe da takardar, kuma kada ka ɗauka duk masu gudun soja ne; da yawa suna da haƙƙin fita, wasu tsofaffi ne, wasu yara ne da suka cika 18 a can. Shi kuwa wanda ya ba likita kuɗi, laifin da ya yi wa dokar Yukiren ne, kuma Yukiren ce ke da alhakin bin sa. Ƙin amsa kiran soja na iya jawo ɗaurin shekara 3 zuwa 5 a can. Sai dai kafin a tiso ƙeyarsa gida akwai katanga. Yarjejeniyar Turai ta 1957 kan miƙa waɗanda ake tuhuma ta cire laifukan soja zalla daga cikin waɗanda ake miƙa mutum a kansu. Ba da cin hanci da amfani da takardar jabu laifuka ne na gama-gari, a ƙa'ida ana iya neman a miƙa mutum a kansu, amma sai an kawo fayil na kowane mutum daban, da shaida, a gaban alƙalin ƙasar da yake zaune, lauyansa kuma zai tayar da batun halin gidajen yari a ƙasar da ake jefa wa bama-bamai. Ba aikin da za a yi wa mutum dubu goma ba ne. Inda takarda ke mutuwa nan take shi ne idan ƙasar da ta sauke ka ka yi wa ƙarya: ka yi amfani da sunan wani, ko ka ce a Yukiren kake zaune alhali ba haka ba ne.

Da Kyiv ta ga ba ta da hannun da zai kai can, sai ta matsa ta inda take da iko. A Afrilun 2024 ta rage shekarun kiran soja daga 27 zuwa 25, ta kuma dakatar da hidimar ofisoshin jakadancinta ga maza masu shekarun soja. Daga 18 ga Mayu, da sabuwar dokar ta fara aiki, sai ka sabunta rajistarka ta soja kafin a sabunta maka fasfo. Ka kwatanta mutumin da fasfonsa ya ƙare yana zaune a Frankfurt. Izinin zamansa bai mutu ba, hukumomin Jamus sun faɗi haka. Amma ba ya iya tafiya, banki na iya tsayar masa da wasu harkoki, in yana son sauya takardarsa zuwa ta ma'aikaci za a nemi fasfo mai rai, jihar Hesse, inda Frankfurt take, kuma ta ce ba za ta riƙa ba irinsa takardar tafiya ta madadi ba, tunda a ganinta yana iya komawa gida ya karɓo nasa. Ba a kore shi ba, amma an ɗaure masa ƙafa. Daga baya, a ƙarshen Agustan 2025, gwamnatin ta sassauta ta bar samari 'yan 18 zuwa 22 su fita, abin da ya sa yawan masu isowa Jamus da Folan ya tashi, ya kuma ba 'yan siyasar can abin magana.

Manyan da ake zargi kuwa ba sa bin layin 'yan gudun hijira ko kaɗan. Badaƙalar da ka ambata ita ce wadda hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar, NABU, ta bayyana ranar 10 ga Nuwamba 2025, bayan bincike na wata 15 da naɗar murya ta kimanin sa'o'i 1,000. Zargin shi ne ana tilasta wa 'yan kwangilar Energoatom, wato kamfanin makamashin nukiliyar ƙasar, su ba da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin kwangila, in ba haka ba a riƙe musu biya. Wanda aka ce shi ne uban tafiyar, Timur Mindich, tsohon abokin kasuwancin Zelensky ne a kamfanin shirye-shiryen talabijin na Kvartal 95, kuma ya fice daga ƙasar sa'o'i kaɗan kafin a shiga gidansa. Da aka ƙaƙaba masa takunkumi, takardar hukuma ta ambace shi a matsayin ɗan ƙasar Isra'ila. Ministan shari'a Herman Halushchenko da ministar makamashi Svitlana Hrynchuk suka rasa muƙamansu, sannan ranar 28 ga watan shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Andriy Yermak, ya yi murabus bayan an binciki gidansa. Ka lura da kalmar da nake ta maimaitawa, zargi. Sauka daga kujera ba hukuncin kotu ba ne, kuma a ƙasar da dokar soja ta hana zaɓe, fayil ɗin bincike yakan zama makamin siyasa a hannun kowane ɓangare.

Irin waɗannan mutane fasfo na biyu suke da shi, ko gida a wata ƙasa da ya ba su izinin zama. A nan kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara da shekaru ƙasashen Turai suna sayar da izinin zama da zama ɗan ƙasa ga duk mai kuɗi. Kubrus ta rufe nata shirin a Nuwamban 2020 bayan tashar Aljazira ta fallasa yadda ake yi. Birtaniya ta rufe bizar masu zuba jari ranar 17 ga Fabrairu 2022, mako guda kafin mamayar. Sifaniya, inda a da sayen gidan yuro 500,000 yake ba mutum izinin zama, ba ta rufe ba sai Afrilun 2025, a watan da Kotun Tarayyar Turai ta ce shirin Malta na sayar da fasfo ya saɓa wa doka. Ita kanta Folan ta yi tata badaƙalar a 2023, ta zargin karɓar kuɗi a ba da biza a ofisoshin jakadancinta, har mataimakin ministan harkokin waje Piotr Wawrzyk ya rasa aikinsa. Idan kuma aka kama babban mutum, dawo da shi wani dogon aiki ne. An kama attajiri Kostyantyn Zhevago a wurin shaƙatawa na Courchevel da ke Faransa a Disamban 2022, amma a 2023 kotun Faransa ta ƙi miƙa shi ga Yukiren. A watan Mayun wannan shekarar aka kama shugaban Kotun Ƙolin Yukiren, Vsevolod Kniaziev, bisa zargin karɓar dala miliyan 2.7 a wata shari'a da ta shafi kadarorin shi Zhevagon. Duk lauyan da ke kare wani daga miƙawa, irin wannan labari yake ɗauka ya ajiye a gaban alƙali, ya ce ga kotunan da kuke son tura mutumina. Ta haka cin hanci a ɓangaren shari'a yake zama garkuwa ga wanda ake zargi da cin hanci.

Wani abu da bai kamata ya wuce ka ba: kusan duk waɗannan badaƙaloli 'yan Yukiren ne da kansu suka tono su. Maganar ƙwai ta Janairun 2023, inda aka ga ma'aikatar tsaro ta rubuta hryvnia (kuɗin Yukiren) 17 kan ƙwai ɗaya alhali a kanti bai wuce 7 ba, ɗan jarida Yuriy Nikolov ne ya fito da ita, mataimakin minista ya sauka. Da majalisa ta yi doka ranar 22 ga Yuli 2025 ta sa NABU a ƙarƙashin babban mai gabatar da ƙara, matasa ne suka fito titunan Kyiv da Lviv ɗauke da kwalaye da suka yi rubutu a kai da hannu, a tsakiyar yaƙi, Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, kuma ta ɗaga murya. Cikin kwana tara aka janye. Inda cin hanci ke cizon Yukiren a Turai ke nan: kuɗin tallafi da ake sakin su bisa sharaɗin gyara, da tattaunawar shiga Tarayyar. Hukuncin a kan gwamnati yake sauka.

Abin da ke barazana ga takardar talakan Yukiren daban ne, gajiyar mai masauki ce, da kuma kasancewar takardar ta wucin gadi ce tun asali. A nan labarin cin hanci yana tasiri, amma ta bakin 'yan siyasa da akwatin zaɓe. Norwe, wadda ba ta cikin Tarayyar, ta daina ba da kariya kai tsaye ga masu zuwa daga wasu yankunan yammacin Yukiren tun Satumban 2024. Gwamnatin haɗakar Jamus ta amince cewa waɗanda suka iso bayan 1 ga Afrilu 2025 za su koma kan tallafin masu neman mafaka, wanda ya yi ƙasa da Bürgergeld, wato tallafin marasa aikin yi da aka riƙa ba 'yan Yukiren a Jamus. A Agustan 2025 shugaban Folan Karol Nawrocki ya ƙi sa hannu kan tsawaita dokar tallafi sai an ɗaura kuɗin yara na zloty 800 a wata kan sharaɗin iyaye suna aiki. A Folan ɗin ma, wanda ya bar ƙasar fiye da kwana 30 yana rasa matsayinsa, kuma a sanina wannan ƙaramar ƙa'ida ta fi kowace badaƙalar Kyiv jefa mutane cikin matsala: mace ta koma jinyar mahaifiyarta, ta yi kwana talatin da biyar, ta dawo ta tarar an tsayar da kuɗin yaranta. Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan Yukiren a Janairun 2025. Birtaniya ta ƙara wa masu bizar shekara uku wata 18, amma ta faɗa ƙarara cewa wannan hanya ba ta kaiwa ga zaman dindindin.

A Tarayyar Turai ma haka abin yake. Mai riƙe da kariyar wucin gadi ba ya iya neman matsayin mazaunin dogon lokaci, wanda ake samu bayan shekara biyar, muddin yana kan wannan takarda. Da yawa daga masana sun karanta dokar 2001 da cewa iyakarta shekara uku, amma aka yi ta ƙara shekara ɗaya ɗaya, har a tsakiyar 2025 aka kai wa'adin zuwa 4 ga Maris 2027. A Satumban 2025 ƙasashen suka amince da shawarar a fara mayar da mutane kan takardun zama na yau da kullum, na aiki ko karatu ko iyali, a kuma shirya wa masu son komawa gida hanya. A wannan mataki ne za a fara duba kowa shi kaɗai: albashinsa nawa, ya iya harshen ƙasar, fasfonsa na da rai, yana da tarihin laifi ko babu. Mutumin Frankfurt da ofishin jakadanci ya ƙi sabunta wa fasfo, da wanda kotun Yukiren ta yanke wa hukunci a bayan idonsa kan takardar likita ta jabu, a wannan teburin ne maganar za ta iske su.